Kafin Ka Aika Kuɗin Tarakta Gida

Ya ku 'yan'uwanmu mazauna Sabon Ibadan da Agege da Shagamu da Fatakwal, ga damina ta ƙarato, saƙo kuma ya fara isowa daga gida: a aiko kuɗin taki, a aiko kuɗin tarakta. Mu kuwa sai mu aika, don kada a ce mun manta da tushe. Amma kafin ka aika na bana, ka sa ƙanenka ya soka sandar ƙarfe a gonar bayan an yi ruwa. Idan ta shiga taƙi ɗaya ta tsaya cik, to, ƙasar ta daskare, kuma taki ba zai warkar da ita ba.

Faifan tarakta saman ƙasa kaɗai yake barbazawa, nauyinta kuwa yana danne abin da ke ƙarƙashi, shekara bayan shekara, har ya zama tamkar daɓen ɗaki. Ruwa ba ya nutsewa, sai ya kwashi takin da ka saya da guminka ya zuba a kwari. Saiwar masara ta iso wurin ta karkace.

A ganina maganin da ya fi araha shi ne saiwa. Tsiro mai doguwar saiwa yana huda wannan daɓe, in ya mutu ya bar ƙofofin da ruwa da iska za su bi. Sai dai babu manomin da zai ba da fili ga shukar da ba ta cika cikin kowa, saboda haka a zaɓi wadda dabba za ta ci.

Ni dai lablab na fi so. Dangin wake ne, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kansa. Ana shuka shi a tsakanin masara ko dawa da tsakiyar damina, ya ci gaba da kore bayan girbi, lokacin da daji ya bushe, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda gyaɗa ke yi. Wake mai yaɗo yana ba da harawa mai kyau, amma bai kai shi jure rani ba. Inda gona ta riga ta zama faƙo, sai gamba: a bar ta shekara 2 ko 3, ga kiwo, ga zana. A shekarun 1980 an gwada ciyawar sitailo a killatattun filayen makiyaya a yankin Kachia, masarar da aka shuka bayanta kuma ta fi ta maƙwabta kyau.

Hattara da gyauron dawa. Kowane makiyayi ya san ɗanyensa na iya kashe saniya.

Babbar ɓarna kuwa ita ce a saki garke cikin gona tana jiƙe, domin kofato zai mayar da daɓen da saiwa ta fasa. A jira ƙasa ta bushe, a kuma bar wani abu ya rufe ta, kada a cinye ƙurmus. Gona mai kore da rani takan jawo shanun da ba a gayyata ba, don haka daga cikin kuɗin da za ka aika a ware na shinge, a kuma shirya da makiyayin unguwa a gaban mai gari tun kafin a shuka.