Daura 2027: Zaɓen da babu rigar Buhari da za a raɓa

A zaɓukan 2015 da 2019, ɗan takarar majalisa a ƙasar Daura bai buƙaci dogon bayani ba. Ya manna hotonsa kusa da na Muhammadu Buhari, a ce "sak", magana ta ƙare. Amanar da talakawa suka ba shi ta aro ce, albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Tun da aka binne Buhari a gidansa na Daura ranar 15 ga Yulin 2025, wannan kaskon ya ƙafe.

Alamun sun bayyana tun yana raye. A 2022 Fatuhu Muhammad, ɗan ɗan'uwansa da ke wakiltar Daura, Sandamu da Mai'aduwa a Majalisar Wakilai, ya sha kaye a zaɓen fidda gwani na APC a hannun Aminu Jamo, daga baya ya fice daga jam'iyyar. A 2023 kuma Atiku Abubakar na PDP ne ya ci Jihar Katsina a zaɓen shugaban ƙasa, duk da cewa APC ta riƙe kujerar sanatan shiyyar Daura, inda Nasir Sani Zangon Daura ya kayar da Ahmad Babba Kaita. Jama'a sun fara rarrabe ƙuri'a.

Yanzu duk mai neman kujera zai hau mumbari da zancen adalci a tattalin arziki, kuma akwai abin faɗa. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a 2024. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai shafi mai noman gero a Baure ko dillalin shanu a kasuwar Mai'aduwa ba.

Sai dai adalci a wannan yanki yana da adireshi: bakin iyaka. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a fara buɗe wasu iyakokin ƙasar ba sai Disambar 2020. A tsakani, hukumar kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wato mutumin Kwangwalam da bai taɓa fasa-ƙwauri ba ya biya kuɗin laifin wani. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙamewa har Maris ɗin 2024. Duk a Abuja aka yanke waɗannan hukunce-hukunce, garin da ɗan majalisa ke da kujera da makirufo.

Saboda haka tambayar da ta dace da ɗan takara ba ta buhun shinkafa nawa zai raba ba ce. Ina yake lokacin da aka rufe iyaka, kuma me ya ce? In sabon shiga ne, wane ƙuduri zai kai zauren majalisa idan aka sake rufewa?

Gaskiya ne Daura ta samu Jami'ar Sufuri da kwalejin fasaha ta tarayya, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta. Amma gini ba ya raba kansa. 'Ya'yan wa ake ɗauka aiki a ciki, kuma manoman da layin dogo ya ci gonakinsu nawa aka biya su, lissafi ne da mai neman ƙuri'a ya kamata ya iya karantawa a tsakiyar kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ba tare da takarda a hannu ba.