Kaji Goma Sun Isa: Shawara Ga 'Yan Uwa Mazauna Kudu Kan Kiwon Kajin Ƙwai



Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu abin da bai tashi ba, kuma ƙwai na cikin abubuwan da suka fara ɓacewa daga girkin talaka. Magidancin da a da yake shigowa gida da kiret guda, yanzu guda biyar yake ƙullowa a leda, wani gidan ma an haƙura gaba ɗaya. Masu shayinmu na Agege da Sabon Ibadan da Ama Hausa a Owerri sun fi kowa sanin wannan, domin kullum da sabon farashi suke kwana. Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne: abincin kaji masara ce da waken suya, su kuma daga Arewa ake lodo su, kuɗin mota ya ninka, sai komai ya biyo baya.

Ra'ayina a nan shi ne, duk gidan da ke da ɗan lungu a baya, kuma mai gida ya yarda, ya kamata ya ajiye kaji shida zuwa goma domin ƙwan da iyali za su ci. Gonar kaji wani abu ne daban, tana da jarinta da haɗarinta. Abin da nake kira gare shi ƙaramin kiwo ne na cikin gida, da sharaɗin a yi shi da lissafi, kuma a bar salon da muka saba da shi a ƙauye.

Mu fara da lissafin, don kada wani ya shiga da zumuɗi ya fito da haushi. Kazar gidan gona mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji goma ke nan suna cin wajen kilo 1.2, wato buhu mai kilo 25 zai kai su mako uku. Idan suna cikin ƙoshin lafiya kuma suna kan ganiyarsu, za ka tsinci ƙwai 8 a rana. A mako uku ka tara wajen 168, kiret biyar da rabi ke nan tunda kiret guda 30 ne. To ɗan uwa, shiga kasuwar unguwarku ka tambayi kuɗin buhun abincin kajin ƙwai, ka tambayi kuɗin kiret biyar da rabi. Tazarar da ke tsakani ita ce ribarka, kuma daga cikinta za ka cire kuɗin rigakafi da na keji da kuɗin sayen kajin tun farko. Riba ce madaidaiciya, ba wadda za ta sai maka fili ba. Amma gidan da ake tsintar ƙwai takwas kowace safiya ya fita daga sahun masu ƙirga ƙwai kafin a soya wa yara.

Wannan shi ne babban dalilina. Ƙwai guda yana ɗauke da wajen giram 6 na furotin, ga sauran sinadaran da jikin yaro ke buƙata don girma. Nama ya yi tsada, kifi ya yi tsada, yaranmu da yawa shinkafa da taliya da garin kwaki suke wuni a kai. Har yanzu a wasu gidajen ana riƙe da camfin nan cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai koyi sata, wasu kuma suna hana mai ciki. Babu gaskiya a ciki. Dafaffen ƙwai abinci ne mai kyau ga mai ciki, da yaron da ya wuce wata shida ya fara cin abinci. Idan kajin na gida ne, uwa ba ta jiran maigida ya dawo daga kasuwa kafin ta ba ɗanta.

Sai batun wace kaza za a saya. Kazar Hausa tana da juriya, tana neman abincinta da kanta, amma ƙwai 40 zuwa 60 take yi a shekara, domin da ta yi goma sha wani abu sai ta shiga kwanci. Jajayen kajin gidan gona irin su ISA Brown kan kusanci 300 a shekararsu ta farko idan sun samu kulawa, sai dai ba su jure wasa da abinci ko ƙazanta. A tsakiya akwai irin da aka samar a ƙasar nan. Akwai Noiler, ta kamfanin Amo da ke garin Awe a jihar Oyo. Akwai FUNAAB Alpha, wadda Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta jagoranci samar da ita a Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, aka yi mata rajista a 2018. Su biyun ana kiwonsu don nama da ƙwai, ƙwansu bai kai na jajayen ba amma sun fi su juriya, kuma suna karɓar dusa da ganye a haɗa musu da abincin buhu. Daga gida Arewa kuma akwai Shika Brown, ta cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya. Wanda ƙwai kawai yake so kuma zai iya sayen buhu ba fashi, ya ɗauki jajaye. Wanda aljihunsa ke hawa da sauka, Noiler ko FUNAAB Alpha sun fi masa sauƙi.

Shawarata ga sabon shiga ita ce kada ya fara da 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya. Gaskiya ne suna da araha, kuma Ibadan cike take da wuraren ƙyanƙyasa. Amma ɗan tsako yana buƙatar ɗumi dare da rana na mako uku zuwa huɗu, ga jerin rigakafi, kuma sai ya kai mako 18 zuwa 20 kafin ka ga ƙwan farko. Wata biyar ke nan kana ciyarwa ba ka tsinci komai ba, ga halin wutar lantarki da kowa ya sani. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka ƙara kuɗi ka sayi waɗanda suka kai mako 16 zuwa 18, suna dab da fara ƙwai, daga gonar da za ta nuna maka takardar rigakafin da aka yi musu. Ka je da wanda ya san kaji, domin akwai masu sayar da tsofaffin da suka gama ƙwai da sunan sababbi.

Yanzu ga inda nake ganin mutanenmu sun fi kuskure. A ƙauye kaza tana fita da safe ta yi kiwonta a bola da bayan rumbu, ta dawo da magariba, ba wanda ya damu. A Legas ko Fatakwal ko Benin, yawancinmu haya muke, tsakar gida ɗaya da Yarabawa da Inyamurai da sauran jama'a. Kazar da ta yi kashi a bakin ƙofar maƙwabci, ko ta tone masa fulawa, ko ta zubar masa da barkonon da ya shanya, ta jawo maka rigima, kuma ba sunanka kaɗai za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ƙazamai ne. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina a garuruwan nan ya fi kiret ɗari daraja. Don haka kafin ka sayi ko da ƙusa guda, ka nemi izinin mai gida, ka sanar da maƙwabta. Kajinka su zauna a killace. Kuma ka haƙura da zakara. Kaza tana yin ƙwai ba tare da zakara ba, amfaninsa kawai idan ana son ƙyanƙyasa ne. Caran asuba da ke mana daɗi a gida, ga ma'aikacin da ya dawo ƙarfe goma sha ɗaya na dare daga cunkoson hanya fitina ce. Idan ƙwai ya fara zuwa, ka aika wa maƙwabci da guda shida. Za ka ga bambanci.

Wurin kwanansu ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kaji goma za su wadatu da fili mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1.5. A yi rufin da ba ya yoyo, a kewaye da waya mai ƙananan ido yadda iska za ta ratsa amma ɓera da gafiya da maciji ba za su shiga ba. A sa akwatin ƙwai guda ga kowane kaji huɗu ko biyar, a wuri mai ɗan duhu. A shimfiɗa dusar katako a ƙasa, ana samunta wurin masu yankan katako kusan kyauta. Mu tuna yanayin nan ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne. Can zafi da hunturu ake yaƙi da su, nan kuwa danshi ne, domin ruwan sama kan ɗauki wata bakwai ko fiye yana zuba. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke kawo wari da ƙudaje, ita ke kawo ciwon kashin jini. Shi ya sa keji mai ƙafa, wanda aka ɗaga daga ƙasa, ya fi dacewa da Kudu. Buhun abinci ma a ɗora shi kan katako a rufe bakinsa, domin abincin da ya yi fumfuna guba ne ga kaza. Mai kaji shida buhu guda zai kai shi wajen kwana 35, gara ya raba buhun da wani mai kiwon su riƙa sayen sabo.

Kada a yaudari kai cewa ragowar tuwo da shinkafa za su wadatar. Kaza mai ƙwai tana buƙatar abinci mai furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, da sinadarin kalsiyam mai yawa don yin ɓawo. Idan aka cika ta da dusa zalla, ƙwai zai ragu, wanda ya zo ma ɓawonsa zai yi laushi. Ganyen zogale da alayyafo da ragowar kayan miya ƙari ne mai kyau, amma ƙari ne. Ruwa mai tsabta kada ya yanke ko na rabin yini, tana shan kusan ninki biyu na abin da take ci. Haske ma yana da tasiri: tana son awa 14 zuwa 16, ranarmu kuwa wajen awa 12 ce, don haka ƙaramar fitilar sola da za ta ƙara musu awa biyu ko uku bayan magariba tana taimakawa.

Wani zai ce ai kaji ba su da tabbas, rana ɗaya ciwo zai share su. Wannan magana tana da tushe. Cutar Newcastle, wadda kaza ke koren kashi, numfashi ya gagare ta, wuyanta ya murɗe, tana iya ƙarar da akurki cikin kwanaki, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Rigakafin yana nan, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin sa, shagunan magungunan dabbobi suna sayarwa. Kwalba guda ta kaji ɗari ce ko fiye, kuma da an haɗa ta da ruwa dole a yi amfani da ita cikin awa biyu. Mai kaji goma shi kaɗai asara zai yi. Amma idan gida goma a unguwa suka sa rana guda, suka kira likitan dabbobi ya tsara musu jadawali, kuɗin da zai faɗo kan kowa kaɗan ne. Mu da muka iya adashi, wannan ba zai gagare mu ba.

Sauran kariyar a hannunka take. Kazar da ka sayo a kasuwa don yanka, ko wadda aka kawo maka tsaraba daga gida, kada ta shiga cikin masu ƙwai. Duk sabuwar kaza a ware ta mako biyu. 'Yan uwanmu masu sayar da kaji da masu fige su a kasuwa su canza takalmi su wanke hannu kafin su je wurin na gida. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a ƙasar nan a watan Fabrairun 2006 a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, ta sake dawowa a 2015, kuma tana iya kama mutum. Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da ofishin likitan dabbobi na jiha. Haka kuma a daina ɗura wa kaji kafso na mutane. Idan likita ya ba da magani, a tambaye shi kwana nawa za a dakata kafin a ci ƙwan, domin maganin yana fita a cikinsa.

Bayan shekara guda da 'yan watanni suna ƙwai, za ka ga sun fara ja da baya. Sabo da kaza ba ya hana yankanta. Ka daidaita lokacin da Sallah ko Kirsimeti, lokacin da tsofaffin kaji ke daraja a kasuwannin Kudu, ka sayar ka zuba sababbi. Kashinsu ma kuɗi ne, 'yan uwanmu masu lambu a gefen gari suna nemansa don taki.

Wanda ke ɗaki guda a gidan haya mai cunkoso, ko wanda mai gidansa ya ƙi, ya haƙura, kada ya tilasta. Wanda yake da wuri kuwa, ya zauna da uwargida su yi shawara, tunda yawanci ita da yara ne za su riƙa kula da su, kuma ya dace kuɗin rarar ƙwan ya zama nata. A fara da shida. Idan an yi wata uku babu wari, babu ƙorafin maƙwabta, lissafi kuma ya fita, sai a ƙara huɗu.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.