ZAUREN 'YAN MATA: Ranar Da Kunya Ta So Kashe Ni Da Yunwa A Santambul

 Da yawanku kun rubuto kuna tambaya, wai ya mace za ta yi da cin abinci a gaban dangin miji? To ku gyara zama ku ji nawa.

Watana uku da aure yayar maigidana ta ce in raka ta Santambul ta ƙasar Turkiyya sayen kayan lefen ɗanta. Wuni guda muka yi muna zaga shagunan Laleli, ƙafafuna har zugi suke, ga yunwa. Bayan magariba ta ja ni wani gidan kebab.

Ke dai bari! Tun daga ƙofa ƙamshi ya tare mu. Ga nama an jera shi yanka kan yanka a jikin dogon ƙarfe a tsaye, yana juyawa a gaban wuta, wani yana shaftare gefen da ya gasu da doguwar wuƙa. Shi ne dona. Yaya ta ce a kawo mata Adana, wato niƙaƙƙen naman rago da kitsen wutsiya da jan barkono, an manna a faffaɗan tsinken ƙarfe an gasa a garwashi. Kamar tsirenmu, sai dai babu ƙuli-ƙuli. Ni kuma aka kawo min Iskandar, wanda ake dangantawa da wani mutumin Bursa mai wannan suna tun 1867: yankan dona a kan gutsattsarin gurasa, da miyar tumatir, da kindirmo a gefe. Ma'aikacin ya zo da narkakken man shanu yana tafasa, ya kwarara a kai, ƙauuu!

Yawuna ya tsinke, amma wai ni mai kunya. Loma biyu na yi na ajiye cokali.

"Amarya, ci mana."

"Wallahi Yaya na ƙoshi."

Sai na jawo kofin ayran, na zaci nono ne irin namu, na kwankwaɗa. Ashe gishiri suke sa masa! Haka na haɗiye idona na kawo ruwa. Aka kawo shayi a 'yan mitsi-mitsin kofunan gilashi, aka ɗiga mana turaren lemo a hannu, ina kallo aka ɗauke farantina. Har yau abin yana min ciwo.

Wajen ƙarfe 1 na dare a masauki, ɗakinmu ɗaya, cikina ya shiga ƙugi kamar hadarin Agusta. Na yi lamo. Sai na ji Yaya ta kunna fitila, ta buɗe jaka ta miƙo min nama naɗe cikin gurasa. Ashe tun a can ta sa aka ƙunsa.

"Ungo. Ni ma haka na yi a gaban uwar mijina, amma ni ba wanda ya ƙunso min."

Ta kashe fitila ta juya baya, na cinye tas a cikin duhu.