Kurma ma tafinta ne

Garinmu Arlit garin tafinta ne. Tun da aka kafa shi a 1969 saboda ƙarfen uraniyom, mutane suka yi ta zuwa daga ko'ina. Wani da tamajak, wani da hausa, wani da zabarmanci, wani da larabci, nasara kuma da faransanci. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ƙarfe a 1971, COMINAK ta bi baya a Akokan a 1978. A wurin aiki, a asibiti, ko gaban alƙali, da wuya a sami wanda bai taɓa neman mai fassara masa magana ba. Ba mu ɗauki wannan abin kunya ba. To, akwai wasu ƴaƴanmu da ke zaune cikin aji ba su da tafinta. Su ne yara kurame. Ra'ayina shi ne a ba su tafinta, kuma tafintan ya zama kurma ɗan uwansu.

Ga abin da ya sa na faɗi haka. Wata mata a ajina na yaƙi da jahilci takan zo da ɗanta da maraice. Sanƙarau ya kama shi yana da shekara biyu. Ya warke, amma ji ya tafi. Shekararsa uku a lakwal, kuma rubutunsa ya fi nawa kyau. Wata rana na buɗe littafinsa, na ga ya rubuta 12 : 3 = 4, tsaf. Sai na zuba dabino 12 a kan tabarma, na kira mutum uku, na nuna masa lissafin. Ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya sunkuyar da kai.

Uwar ta ce: "Malam, zane kawai yake yi. Ni ma a gida, ban da zo, tafi, ci, kwanta, ba abin da muke iya gaya wa juna."

Akwai wani tela kurma a kasuwa, wanda ya yi makarantar kurame a kudu, ya iya rubutu. Na rubuta masa takarda na roƙe shi ya zo. Da ya zo, bai fara koya wa yaron komai ba. Zama ya yi yana kallon hannunsa. Ya gane cewa idan yaron ya taɓa goshi, inda ma'aikatan rami ke ɗaura fitila, babansa yake nufi. Ya gane yadda yake nuna uwarsa tana raba abinci. Da waɗannan alamu na yaron ya yi masa bayani. Kafin a kira sallar isha'i yaron ya raba dabinon kashi uku, ya ɗora yatsa a kan 4 ɗin da ya rubuta, yana ta dariya. Uwarsa kuwa kuka take yi.

Me telan nan ya sani da ni ban sani ba? Ya san cewa maganar hannu ba iri ɗaya ba ce. Akwai alamun gida, waɗanda yaro da uwarsa suka ƙirƙira. Akwai maganar hannu ta manyan kurame, wadda suke hira da ita a kasuwa da tasha. Wannan cikakken harshe ne. Wata malama Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. Sannan akwai maganar hannu ta makaranta, wadda asalinta daga Amurka ne. Wani baƙar fata kurma, Andrew Foster, shi ya yaɗa ta. Ya buɗe makaranta a Gana a 1957, ya buɗe a Ibadan a 1960, kuma kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa makarantu sama da 30 a Afirka. Da yawa daga cikin malaman da ya horar kurame ne.

Mai ji da ya yi horon ƴan makonni, ta makaranta kaɗai ya sani. Yaron da ya fito daga unguwa bai taɓa ganin ta ba. Shi kuwa babban kurma duka ukun ya bi ta cikinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san wani zai ce: "Haba Malam, wanda ba ya ji, me zai fassara?" Tambayar tana da kyau. Aikin na mutum biyu ne. Inda akwai mai ji da ya iya maganar hannu, shi zai ɗauko maganar mushe, ya miƙa wa tafinta kurma. Tafinta kurma ya sauke ta daidai fahimtar yaro, da hannu, da fuska, da zane, da tsakuwa in ta kama. Inda babu mai ji da ya iya, mushe ya ba tafintan darasin gobe a rubuce tun yau, sauran kuma ya karanta a allo. Hanyar kuma ba zuwa kaɗai take yi ba, har da dawowa. Yaro ya yi tambaya, ko ya ce bai gane ba, ko ya ce wani ya buge shi, sai maganarsa ta kai kunnen mushe. Tsofaffin ma'aikatan rami ba za su yi mamaki ba. Sun san inda inji ke ƙara, hannu da fitila ne ke magana.

Wani kuma zai ce a kai yaran makarantar kurame. Gaskiya ne akwai su a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram. Amma daga nan zuwa Agadas kaɗai wajen kilomita 240 ne, Yamai kuwa ta wuce kilomita 1000. Wace uwa za ta sa ɗan shekara bakwai a mota, yaron da bai iya faɗin sunan garinsu ba? Wanda ke da dangi can, to, madalla. Sauran fa?

Sai maganar kuɗi. Ba na musun cewa gari ya yi zafi. Tun da COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, gidaje da yawa a Akokan sun rasa albashi. Amma ba ɗari muke nema ba. In an tara yara kurame a lakwal ɗaya, tafinta biyu sun isa a fara, namiji da mace. Macen ta zama dole, don akwai abin da yarinya ba za ta gaya wa namiji ba. Kuma ba sadaka muke roƙo ba. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Sashe na 24 ya ce a sauƙaƙa wa kurame koyon maganar hannu, kuma a ɗauki malaman da suka iya ta, har da malamai naƙasassu.

Sai dai in faɗi gaskiya: ba kowane kurma ne tafinta ba, kamar yadda ba kowane mai jin tamajak ne ke iya tsayawa gaban alƙali ba. Dole a horar da shi. Ya iya karatu da rubutu. Kada ya ba da amsa a madadin yaro. Kada ya ƙara, kada ya rage. Abin da ya gani na sirrin yaro ya riƙe shi amana. Kuma a biya shi. Telan nan kwana biyu a mako yake rufe shagonsa don yaron wani. Ranar da ya gaji, ba mai ganin laifinsa.

To, mu me za mu iya? Yanzu mun iya rubutu, sai mu yi aiki da shi. Kowane aji ya rubuta yara kurame na unguwarsa, da shekarunsu, da waɗanda ke lakwal da waɗanda ke gida. Ya rubuta manyan kurame da suka yi karatu. Mu haɗa takardun mu kai wa ƙungiyar iyayen yara, da mai kula da makarantu, da magajin gari. Mu tafi tare da kuramen kansu, su faɗi abin da suke so da hannunsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da yaro ke saurin kama harshe ba sa jiran kowa.

Yaron nan yanzu yana kawo wa uwarsa labarin lakwal, ita ma tana koyon amsa masa. Allah ya sa sauran ƴan uwansa su sami haka. Amin.