Hanyar keke a kwarin Dallol Mauri: ɗalibi da manomi ne za su fara cin moriyarta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwalta a Kore Mairuwa da sassafe ya ga yadda abin yake. Manyan motoci da bas-bas na kamfanonin sufuri suna wucewa a guje a kan babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Konni da Maraɗi. A gefenta kuma ga ɗalibai a kan keke, ga mai amalanke, ga mata ɗauke da kaya a ka. Idan mota ta danno, mai keke sai ya faɗa cikin yashi ko ya sayar da ransa. In kuma ya bar kwalta ya kama hanyar ƙauye, rairayi ya riƙe taya, tafiyar ta koma turi.

Wannan matsala tana da magani mai sauƙin kuɗi, wanda ba a cika ambatonsa ba a tarurrukan raya karkara: siririyar hanya ta jar ƙasa da aka daddaɓe, wadda ta bi kwarin daga gari zuwa gari, aka keɓe ta ga mai keke da mai tafiya a ƙasa.

'Yan Arewa mazauna Turai sun san irinta. A Faransa, hanyar keke ta kwarin kogin Luwar ta kai kusan kilomita 900, daga kusa da birnin Nevers har bakin tekun Atlantika, kuma dogayen sassanta babu mota ko ɗaya. A yankin Burgundi, tun shekarar 1997 aka mayar da tsohon layin dogo tsakanin garuruwan Givry da Cluny hanyar keke. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Kwarin kogi shimfiɗaɗɗe ne, babu hawa da gangara mai tsanani, kuma garuruwa a jere suke a bakinsa. Da hanyar ta samu, sai masu masauki da masu abinci da masu gyaran keke suka sami ciniki.

Dallol Mauri shi ma kwarin kogi ne, sai dai ruwansa ya daina gudu tun zamanin da. Ya ratsa gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri daga arewa zuwa kudu, ya gangara zuwa kogin Isa ta wajen Gaya. Da yake ruwa yana kusa a ƙarƙashin ƙasa, a nan jama'a suka taru: Matankari, Dutsi, Kiyeshe, Kore Mairuwa, Tibiri, Dumega, Gesheme. A nan ake noman rani, ake fitar da dankalin turawan da Dutsi ta yi suna da shi, da albasa da tumatir, da raken fadamun kudu. Shimfiɗar da ta sa Luwar ta dace da keke, Allah ya ba Arewa irinta. Bambancin yana ga wanda zai hau. A can ɗan yawon buɗe ido ne mai neman shaƙatawa. A nan yarinya ce da ta ci jarrabawar shiga kolej, makarantar kuma tana garin da ke da nisan kilomita goma da ƙauyensu.

Lissafin a fili yake. Kilomita goma a ƙafa awa biyu ne ko fiye. A kan keke, idan ƙasa ta yi tauri, minti arba'in zuwa hamsin ne. Wannan tazarar ce ke sa uba ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya nemi wanda zai riƙe masa 'yarsa a gari, ko ya cire ta daga makaranta. Iyaye da yawa na zaɓar na biyun, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. A jihar Bihar ta Indiya, gwamnati ta fara ba 'yan mata kuɗin sayen keke a shekarar 2006, binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa shigarsu sakandare ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai keke ba ya tafiya a cikin rairayi. Rabon kekuna a Arewa ba tare da gyara inda za a taka su ba, ɗora kaya ne a kan jakin da ba shi da ƙafa.

Wasu za su ce zamanin keke ya wuce, yanzu lokacin babur ne. Gaskiya ne kabu-kabu ya cika kowace tasha, kuma matashin da ya dawo daga Abidjan ko Legas ko Libiya, babur ne abu na farko da yake saya. Amma babur da mai yake tafiya. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, man kwalba da garuruwan iyaka suka dogara da shi ya daina araha, kuma ƙarancin man da aka yi fama da shi a Nijar cikin watan Maris na 2025 ya nuna yadda harkoki ke tsayawa cik idan tanki ya bushe. Mai lambun da zai kai buhun dankali kasuwar Dutsi, kuɗin kabu-kabu daga ribarsa yake fita. Keke ba ya shan komai sai iska da ɗan bakin mai, kuma mai faci yana kowane gari.

Akwai kuma batun rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗuran hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce abin ya fi ƙamari. Raba yaro ɗan shekara goma sha uku da tirela aiki ne na kiyaye rai, kamar gina rijiya mai murfi.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na tsaro. Arewacin gundumar Dogon Dutsi da yankunan da ke iyaka da jihohin Kebbi da Sakkwato sun ga hare-haren 'yan bindiga, haka ma wuraren da bututun man da ke zuwa Benin ya ratsa. Babu mai hankalin da zai kira baƙi su zo yawon keke a irin wannan hali. Wannan ne ma ya sa bai kamata a gina hanyar da sunan yawon buɗe ido ba. Ɗalibi da mai lambu suna bin waɗannan hanyoyi kullum, da tsaro ko babu. Rage musu awannin da suke yi a daji, su isa gida kafin magariba, shi ma wani ɓangare ne na tsaro.

Wasu kuma za su ƙyamaci shawarar don an ambaci Faransa, ganin yadda dangantaka ta lalace tun bayan 26 ga Yulin 2023. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a tuna musu abin da ya faru a Lugu a 1899, lokacin da Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine. Amma dabarar raba keke da mota ba ta da fasfo. Maƙwabciya Burkina Faso ta riga ta nuna hanya: a Wagadugu manyan tituna suna da gefen da aka ware wa masu ƙafa biyu, kuma ƙasar na shirya tseren keke na Tour du Faso tun 1987.

Abin da ya dace shi ne a fara da kaɗan. A zaɓi tazara ɗaya, misali Dutsi zuwa Matankari ko Kore Mairuwa zuwa Tibiri, a bi ta ƙauyukan da ke tura yara kolej. Faɗin mita biyu zuwa uku ya isa. A zuba jar ƙasa a daddaɓe, a yi ƙananan magudanai inda ƙoramu ke yanke hanya da damina, a kafa turaku a mashigai don kada mota ta shiga, a dasa bedi a gefe saboda inuwa. Aikin hannu ne da matasan ƙauye za su iya yi da rani a biya su, kamar yadda ake biyansu aikin farfaɗo da ƙasa. Filin kuwa dole ya bi ta hannun kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, tare da sarakuna da masu gari, don kada a ci gonar wani ko a toshe burtalin makiyaya. Tun farko a yanke shawara kan amalanke, domin tayarta na tona hanya, a bar mata nata layin a gefe.

Nan ne 'yan Arewa na birni da na ƙetare ke da rawar takawa. Ƙungiyoyinsu sun saba tara kuɗi don gina masallaci ko aji ko sayen motar ɗaukar marasa lafiya. Kilomita biyar na hanyar keke bai fi ƙarfinsu ba, idan kantomomin da ke riƙe da ƙananan hukumomi suka ba da injin daddaɓa da motar ɗibar ƙasa. Sharaɗin kawai shi ne a san wanda zai riƙa gyara bayan kowace damina, a rubuta sunansa da kasonsa kafin a zuba tifa ta farko.

Idan zaman lafiya ya dawo, hanyar za ta iya ɗaukar wani nauyin. Yaran da aka haifa a Yamai ko Kwatano za su so hawa keke daga gindin Tozon Bijini zuwa tsohuwar fadar Matankari, su sha rake a fadama, su kwana a garin kakanninsu. Kafin wannan rana, ma'aunin nasara ɗaya ne: yawan 'yan matan ƙauye da suka shiga kolej a watan Oktoba kuma suna nan a aji har watan Yuni.