Kurata Dubu Hamsin, Kai Ba Hula

Tun da Shugaba Tinubu ya ba da umarni a Nuwamban 2025 a ɗebi sababbin 'yan sanda dubu 50, a kuma janye masu riƙe wa manya jaka, ake ta tafi kamar an gano maganin ciwon. Wai ƙarancin mutane ne matsalarmu. To madalla, a kawo su. Waɗanda ke bakin aiki yau fa, wa ya taɓa tambayar lafiyar ƙwaƙwalwarsu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa Ƙofar Fada a Zariya ranar Hawan Sallah ya san aikin. Ga dawakai, ga 'yan tauri, ga matasa da gora, ga kofur a tsakiya da 'yar hular yadi yana tare jama'a. Gora ta sauka a ƙeya, ko ya faɗo daga bayan Hilux, inda suke jeruwa a kan benci ba abin riƙewa. Sai a zaunar da shi a inuwa, a fasa masa fiya wata a ka, a aiki yaro kemis ya sayo Panadol. Tunda ba jini, oga ya ce, "Kai namiji ne, tashi ka koma." Shi ke nan, an gama jinya.

Alhali ƙwaƙwalwa tana girgiza a cikin ƙoƙon kai ko fata ba ta fashe ba, ko mutum bai suma ba, kuma sau da yawa hoton asibiti ba ya nuna komai. Daga baya abin ke fitowa: jiri, ciwon kai, mantuwa, rashin barci, hasken rana ya dame shi, ga saurin fushi. Mafi haɗari shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Ɗan Najeriya ne ma, Dakta Bennet Omalu, ya bincika ƙwaƙwalwar ɗan wasan Amurka Mike Webster a 2002, ya nuna yadda bugu a kan bugu ke cinye ta. Tun 2024 dokar ƙwallon ƙafa ta yarda da canji na musamman idan ɗan wasa ya bugu a ka. Mai bin ƙwallo ana fitar da shi ya huta, mai rataye da AK-47 ana mayar da shi shingen Ƙofar Doka.

Idan ɗan sandan da ya bugu ya shararo wa mai Keke Napep mari a Babban Dodo, sai mu ce ƙwaya ce, matarsa ta ce iska ce, a nemi mai ruƙiyya. Ga asibitin Gambo Sawaba nan Ƙofar Gayan, ga na koyarwa a Shika, ba wanda zai ce a kai shi.

Na san masu cewa ɗan sanda bai cancanci tausayi ba, mai karɓar na goro ne. Su je su ji da wannan, ba shi muke yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai hular kwano ce. A 2009 an hana 'yan acaɓa sakat a kanta, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Su wa suka riƙa kamen? Yau dubi 'yan sintiri a kan babur cikin lungunan birni, biyu-biyu, wani lokaci uku, kai tsirara. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Kuɗin fa? A 2019 Buhari ya sa hannu a dokar asusun tallafa wa 'yan sanda, aka ware masa kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin asusun tarayya, don horo da kayan aiki da walwala. Mun ga bikin miƙa motoci. A nuna mana kurtu ɗaya a Zariya da aka ba hutun mako saboda ya bugu a ka. Su kuwa tsofaffin da suka yi shekara 35 suna shan gora, a Yulin 2025 muka gan su a titin Abuja suna roƙon a cire su daga tsarin fanshon da bai isa sayen maganin ciwon kai na wata ba.