Matashi Da Neman Jari A Karkara

Da zarar an gama girbi an kai dawa rumbu, tashoshin motar ƙauyuka sai su cika da samari, kowa da ƙullin kayansa, an nufi Legas ko Abuja ko Fatakwal cin rani. In aka tare ɗaya daga cikinsu aka tambaye shi abin da ya hana shi zama gida ya yi sana'a, amsar ba ta wuce kalma biyu: ba jari. Abin takaicin kuwa, jarin da ake magana a kai ba wani tulin dukiya ba ne. Kuɗin injin ban ruwa ne na noman rani, ko keken ɗinki, ko injin markaɗe, ko raguna biyu da za a turke kafin Babbar Salla. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin waɗannan kayayyaki ya yi tashin gwauron zabo, ɗan abin da saurayi yake tarawa daga ƙwadago ya daina isa ko'ina.

Manyan bankuna dai ba don shi aka gina su ba. Akwai ƙananan hukumomi a Arewa waɗanda babu reshen banki ko guda a cikinsu, inda kuma yake akwai, takardar mallakar fili ake nema, alhali gonar gado ba ta da takarda sai shaidar dattawa. Gwamnatoci sun sha yin alkawarin cike wannan giɓi. A 1989 gwamnatin Babangida ta kafa People's Bank, wai bankin talakawa, a ƙarshen 1990 kuma ta buɗe bankin al'umma na farko a Tudun Wadan Kaduna, da nufin kowane gari ya mallaki nasa. People's Bank bai daɗe ba, a 2000 aka narkar da shi cikin bankin manoma. Bankunan al'umma kuwa, manufar da Babban Banki ya fitar a Disambar 2005 ta tilasta masu komawa bankunan maikurofainans, sannan a Satumbar 2010 aka soke lasisin 224 daga cikin irin waɗannan bankuna, a Mayun 2023 aka sake soke na wasu 179. Wannan tarihi ya isa ya nuna wa matashi cewa allon da aka kafa a ƙofar ofis ba shi ne hujjar amana ba. Kafin ya ajiye ko sisi a irin wannan wuri, ya binciki ko sunansa yana cikin jerin masu lasisi na Babban Banki, domin su ne hukumar NDIC take yi wa inshora, wadda a 2024 ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya a irin waɗannan bankuna zuwa Naira miliyan 2.

To amma ba a nan yawancin mutanen karkara suke cin bashi ba. A cikin gari suke ci, kuma mafi kusa da hannu shi ne mafi haɗari. Kowane ƙauye yana da mai ba da falle. Shi ba ya neman takarda, ba ya sa mutum jeka-ka-dawo. A watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi kuma bai nuna ba, zai ba manomi buhu ɗaya a kan a mayar masa da biyu da kaka, ko ya ba shi kuɗin taki ya yanke wa amfanin gonar farashin wulaƙanci tun yana tsaye a kara. In damina ta yi gardama aka kasa biya, sai maganar jinginar gona ta taso, gonar da aka jinginar kuwa ba kasafai take dawowa ba. Gidaje nawa ne 'ya'yansu suke ƙwadago a gonar da kakansu ya sare? Mai falle yakan zauna a sahun gaba ranar Juma'a, yana kiran abin da yake yi taimako. Sunansa riba, ko da hatsi aka yi shi ba da Naira ba.

Bayansa sai ma'aikacin maikurofainans mai zuwa a kan babur, wanda yake haɗa mutane rukuni-rukuni su tsaya wa juna. Shi da murmushi yake zuwa, ya ce ruwan kaɗan ne, kashi 5 kawai. A nan ne ya kamata ɗan uwa ya ɗauko ɗan lissafin da ya koya a sakandare. A ɗauka an ba shi Naira dubu 100 na wata 6 a kan kashi 5 kowane wata. Ruwan ya zama dubu 30. Amma tun daga makon farko ko na biyu zai fara biya, saboda haka kafin wata 3 rabin kuɗin ya bar hannunsa, alhali ruwan ana lissafa shi a kan dubu 100 ɗin cif har ranar ƙarshe. Wato a haƙiƙa ruwan ya kusa ninka abin da aka gaya masa, ban da kuɗin fom da ajiyar dole da ake cirewa kafin kuɗin su shigo hannu. Wanda ya ci irin wannan bashi don turkar rago, da me zai riƙa biya duk mako, alhali ragon sai bayan wata huɗu zai je kasuwa? Game da manhajojin bashi na waya kuwa ba sai an tsawaita ba. Cin mutuncin da wasunsu suka riƙa yi, na aika wa dangin mutum da abokansa saƙon cewa ɓarawo ne, shi ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara yi masu rajista a 2022.

Hausa a rubuce kalma ɗaya take da ita ga ribar ciniki da kuma riba haramtacciya, sai a baki ake bambancewa. Masu cin ta kan fake da wannan su ce ai duk riba ce. Ɗalibin Islamiyya ya san ba haka ba ne, ya kuma san Musulunci bai rufe ƙofa ya bar mutum a rana ba. Akwai ƙiradi, inda mai dukiya zai kawo kuɗi, matashi ya kawo ƙarfinsa da saninsa, a raba ribar bisa kason da aka amince tun farko, in kuma asara ta zo ba da sakaci ba, ta hau kan dukiyar. Akwai salam, wanda shi ne halastaccen abin da falle ya gurɓata: a biya manomi cikakken kuɗi yanzu a kan hatsi sananne, awo sananne, rana sananniya. Akwai kuma cinikin da mai kuɗi zai sayi injin da kansa ya sayar wa matashi a kan farashi ƙayyadadde wanda ba ya ƙaruwa ko biya ya jinkirta. A kan irin waɗannan ne bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Babban Banki kuma ya fitar da ƙa'idojin ƙananan bankuna marasa kuɗin ruwa a 2017. Sai dai rassansu a birane suke. A ƙauye, wanda zai yi wa matashi ƙiradi shi ne Alhajin da yake sayen hatsi a kasuwar mako, ko kawunsa mai shago, ko gwaggonsa da za ta ba shi akuya kiwo a raba 'ya'ya. Mutanen nan suna nan, kuɗin ma suna nan. Abin tambaya shi ne, me ya sa hannunsu ya ƙanƙame?

A nan ne maganar take da ɗaci, amma dole a faɗe ta. Rance marar ruwa a hannun masu karɓa yake mutuwa. Mai falle ana biyan sa, domin ana tsoron ya ƙwace gona. Ma'aikacin babur ana biyan sa, domin zai zo ya zauna a ƙofar gida har maƙwabta su gani. Amma wanda ya bayar don Allah, shi ne ake mayarwa ƙarshen layi, wai ai ɗan uwa ne, zai yi haƙuri. In ya yi magana a ce ya cika son duniya. Asusun masallatai da na ƙungiyoyin matasa da yawa ta haka suka rufe: mutum goma na farko suka karɓa, uku suka dawo da shi, na sha ɗaya ya zo ya tarar da akwati wayam, ya juya ya nufi gidan mai falle. Wanda ya riƙe kuɗin nan yana da halin biya, shi ne ya tura ɗan uwansa cikin riba, ko ya sani ko bai sani ba.

Cutar ba ta tsaya a ƙauye ba. Shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwambar 2015, kaso mai yawa na kuɗinsa bai dawo ba, domin da dama sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa. Ko me mutum zai ce game da ɓarnar manya, kuma akwai abin faɗi da yawa, sakamakon a kan ƙaramin manomi ya ƙare, domin daga ƙarshen 2023 Babban Banki ya janye hannunsa daga irin waɗannan shirye-shirye. Mai tunanin cin bashin banki ya ɓace kuma ya sani, tun Agustan 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar bin lambar BVN ya cire kuɗinsa daga duk wani asusun mutum a wani bankin.

Ya kamata matashi ya san girman abin da mai ba shi rance yake sadaukarwa. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, wanda ya ranta dubu 100 shekara guda kafin nan, aka mayar masa da dubu 100 ɗinsa lafiya lau, abin da za su saya masa bai wuce kashi uku cikin huɗu na abin da za su saya a da ba. Wannan ga wanda aka biya a kan lokaci ke nan. Ina ga wanda aka ja wa shekara biyu? Shi ya sa ba adalci ba ne a matsa wa mai ɗan hali lallai sai rance. In sana'ar mai riba ce, a kira shi ƙiradi ya ci nasa rabon, zai fi sakin hannu, gobe ma ya sake.

Ba kuma cewa abin ba ya yiwuwa ba ne. A Lahore ta Pakistan, Dakta Amjad Saƙib ya kafa Akhuwat a 2001, tana ba da rance babu ruwa, yawanci a cikin masallatai ake miƙa shi a gaban jama'a, ta kuma kai ga miliyoyin iyalai, saboda kuɗin suna dawowa. Kusa da gida ma, a yankin Maraɗi a 1991 aka fara tsarin Mata Masu Dubara, inda matan ƙauye suke zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk mako a akwati mai makullai a hannun mutane daban-daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama. Ƙarin da wasu ƙungiyoyin suke ɗorawa a kan rance abu ne da sai an cire shi, amma akwatin da makullan da ƙirga kuɗi a bainar jama'a darasi ne. Abin kunya ne a ce iyaye mata da yawancinsu ba su yi boko ba suna riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba, samari masu takardar sakandare kuma su kasa riƙe asusu na wata shida.

Babban abin da yake kashe na samarin shi ne jin nauyin rubutu. Da an ɗauko biro sai wani ya ɓata rai, wai ba a yarda da shi ba. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka fuskanta da ita, ba baƙi ba. Ayar ta 280 ta yi umurnin a saurara wa wanda yake cikin ƙunci, amma wanda yake cikin ƙunci na gaskiya da ƙafarsa yake zuwa ya yi bayani kafin ranar biya, ba ya kashe waya ya sauya hanyar masallaci. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah (S) ya taɓa dakatawa daga sallatar wani mamaci saboda bashi, sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya.

Saboda haka wanda zai je wajen Alhaji ko ƙungiyar gama kai ta garinsu, kada ya je da dogon labari. Ya je da takarda: ga kuɗin injin, ga na mai, ga abin da ake samu a rana in kasuwa ta yi kyau da in ta yi muni, ga ranar da zai fara biya, wadda ta dace da ranar da sana'ar take kawo kuɗi. Ya je da nasa kason komai ƙanƙantarsa, domin mai dubu 30 da yake neman cikon 50 ya fi mai hannu biyu saurin samun kunne. Ya tambayi jimillar abin da zai biya a Naira, ba a kashi-kashi ba. Kada ya sa gonar gado a jingina, ba tasa ba ce shi kaɗai. Kada kuma ya ranci kuɗi don ɓoye hatsi yana jiran tsada, waɗanda suka yi haka da kakar 2024 sun ga yadda farashi ya faɗo a 2025. Duk wanda ya ce a fara biyan kuɗin fom kafin wani tallafi ya fito daga Abuja, a bar shi da fom ɗinsa.

In kuma garin babu inda za a dosa, samari 20 da za su riƙa zuba Naira 2,500 duk Juma'a bayan an sauko suna da dubu 50 a kowane mako, cikin mako 20 kowa ya ɗauki kwasarsa. Ana buƙatar littafi guda mai bango, da ma'aji daban da marubuci, da dattawa biyu masu shaida waɗanda ba sa cikin zubin. Jerin ɗauka kuma a yi shi da ƙuri'a tun ranar farko, wanda ya fara ɗauka ya kawo mai tsaya masa.